KUKAN KURCIYA JAWABI NE: SHARHI A KAN FIM ƊIN GASKIYA DA TARIHIN GIDA

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, tun ranar da wani malaminmu ya tara mu a aji, ya sa aka rufe tagogi, ya haska mana waɗansu finafinai biyu na mutanen Nijar a jikin bango. Tambayar kuwa ita ce: shin Bahaushe yana iya ɗaukar na'urar hoto ya auna ta ga mahaifinsa, ko mahaifiyarsa, ko kakarsa, ya tambaye su labarin gidansu da asalinsu, har ya fito da abin da jama'a za su kalla su ƙaru, ba tare da ya zubar da kunyar nan da aka san shi da ita ba?

Finafinan da nake magana ba irin na Kano ba ne da muka saba, waɗanda ake rubuta labari a raba wa 'yan wasa, wannan ya fito uba, wannan ta fito kishiya. Waɗannan su ne ake kira fim ɗin gaskiya, watau wanda mutanen cikinsa ba kwaikwayo suke ba. Uban da ka gani uban ne na haƙiƙa, kuma in ya yi hawaye, hawayensa ne. Na farko shi ne Koukan Kourcia, watau Kukan Kurciya, na Sani Elhadj Magori mutumin Galmi, wanda ya fito a 2010. Na biyu shi ne L'Arbre sans fruit, ma'ana itacen da ba ya 'ya'ya, na Aïcha Macky mutuniyar Damagaram, wanda ya fito a 2016.

Abin da nake so in tabbatar a wannan ɗan sharhi abu ɗaya ne. Waɗannan finafinai sun yi nasara ne saboda masu su ba su fasa katangar kunya ba, sai suka nemi ƙofar da Bahaushe da kansa ya bari a jikin katangar suka bi ta nan. Zan kuma faɗi inda na ga sun yi rauni, kana in kawo abin da ya same ni da na gwada bin sawunsu a garinmu 'Yankara.

Kafin na'urar ta zo hannunmu

Mu mutanen 'Yankara da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ba baƙin fim ba ne. Tun zamanin En'e iyayenmu suke kallon majigi. Mota ce takan zo da almuru, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin kasuwa, a tayar da inji, mai bayani ya riƙe lasifika yana fassara wa jama'a abin da suke gani. Wani jami'in tsabta Bature, William Sellers, shi ne ya fara gwada wannan dabara a Nijeriya, daga baya a 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashe na musamman don yi wa ƙasashen da take mulka irin waɗannan finafinai. Dattawanmu har gobe suna alfahari da Baban Larai, fim ɗin nan na shekarun 1950 da ya koyar da noman auduga, suna kuma ba da labarin cewa a Daudawa aka ɗauke shi, nan kusa da mu, inda Turawa suka yi gonar irin auduga.

To amma mu lura da kyau. Majigi bai taɓa zuwa don ya tambayi manomi ɗan wane ne shi ba, ko daga ina kakansa ya taso. Ya zo ne ya gaya masa tazarar da zai bari tsakanin shuka da shuka, da yadda zai tsince audugarsa kafin ya kai ta ma'auni. Mai na'ura shi ne malami, mutumin ƙauye kuwa almajiri.

A ƙasashen Faransa abin ya ɗan bambanta, amma ba da yawa ba. Jean Rouch ya daɗe a Nijar, ya bi 'yan ci-rani har bakin teku. A fim ɗinsa Moi, un noir na 1958 ya nuna samarin Nijar da ke dako a unguwar Treichville ta Abijan, cikinsu har da Oumarou Ganda, wanda daga baya shi ma ya zama mai shirya fim. Rouch ya ba su baki sun yi magana, wannan ba a musu. Duk da haka Ousmane Sembène na Sanagal ya taɓa gaya masa a fuska cewa shi da irinsa suna kallon mutanen Afirka ne kamar mai nazarin ƙwari.

A zamaninmu kuma na'urar ta sake zuwa ƙasarmu karo na uku. Ta zo a watan Yuni na 2020 bayan kisan da aka yi a Kadisau ta ƙasar Faskari, ta dawo a watan Disamba na shekarar, sa'ad da aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A 2022 BBC ta fitar da dogon shiri a kan 'yan bindigar Zamfara, maƙwabtanmu da ba mu da nisa da iyakarsu. Watau dai an ɗauke mu don a koya mana, an ɗauke mu don a yi nazarinmu, an kuma ɗauke mu don a ƙirga gawawwakinmu. Wanda ya rage shi ne ɗan gida ya ɗauki gidansu. Wannan ne ya sa finafinan nan biyu suka tsaya mini a rai.

Kukan Kurciya

Galmi gari ne a kan babbar hanya tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa, wanda duk mai cin albasa ya san sunansa. Sani Magori ya riga ya yi fim a kan albasar garin da yadda farashinta ke ɗaura aure ko ya ɗaga shi, a 2008. A Kukan Kurciya kuwa ya shiga cikin ɗakinsu ne sosai. Mahaifinsa yana cikin dubban mutanen karkarar Nijar da suka tafi ci-rani bakin teku, ya zauna a Abijan, shekaru suka yi ta wucewa bai dawo ba. A can baya, cikin shekarun 1970, akwai wata zabiya mai suna Hussey wadda waƙoƙinta suka riƙa zuga samari su bar gida su tafi neman arziki. Sai ɗan ya je ya sami wannan zabiya, ta riga ta tsufa, ya roƙe ta ta bi shi har Abijan ta yi wata waƙar da za ta kira mutanen da muryarta ta kora. Fim ɗin labarin wannan tafiya ne.

Bari mu fara da sunan, domin a nan ne mai jin Hausa ya fi kowa cin riba. An fassara wa Turawa shi da kukan tsuntsuwa kurum. Mu kuwa da mun ji, karin maganar nan take faɗo mana, cewa kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Daɗin daɗawa, kurciya a wurinmu ba tsuntsuwa ce kaɗai ba. In mutum ya bar garinsu ya shiga duniya, ba aike ba waiwaye, cewa ake an yi masa kurciya. Ashe ke nan kalma ɗaya ta ɗauki ciwon, ta kuma ɗauki maganin: kurciyar da ta fitar da uba, da kukan da aka tura ya dawo da shi. Wanda ya karanta fassarar da ke ƙasan hoto kawai, rabin fim ɗin ya gani.

Sai jigo. Mai kallo na iya cewa jigon ci-rani ne, amma ni a ganina jigon shi ne: yaya ɗa zai yi wa uba magana? Kowa ya sani a gidan Bahaushe ɗa ba ya tsayawa gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, me ya sa ka bar mu?" Ko ya faɗa, ba zai sami amsa ba, sai dai ya sami sunan marar kunya. Ɗan fari ma ko sunansa iyaye ba su kamawa, balle a zauna ana warware zuciya. In magana ta yi nauyi tsakanin ɗa da uba, akan nemi aminin uban, ko gwaggo, ko limami, a aika shi. Sarki ma da ya fi ƙarfin kowa, makaɗinsa yana iya gaya masa abin da waziri ba zai iya ba, in dai cikin waƙa ne. Wannan ita ce ƙofar da Magori ya gano. Bai kafa wa mahaifinsa na'ura yana jero masa tambayoyi kamar ɗan sanda ba. Ya ɗauko mutumin da al'ada ta yarda ya faɗi kowace magana a bainar jama'a, ya sa ta gaba, shi ya koma baya. Ta haka ya isar da saƙonsa, girman uban bai zube ba, ladabin ɗan kuma bai ragu ba.

Game da zubi da tsari kuwa, fim ɗin ya bi hanyar da muka sani tun daga tatsuniya: an rasa wani abu a gida, an tashi nema, an sami mai taimako, an sha wuyar hanya, an isa. Mai karatu zai tuna da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976, inda uwa ta ratsa hamada tana neman ɗanta. A nan an juya abin ne, ɗa ke neman uba, kuma teku aka nufa ba hamada ba. Akwai kuma wani nauyi da ke kan ita zabiyar, wanda shi ya fi taɓa ni. Tsohuwa ce aka kai ta gaban mutanen da suka yi furfura a baƙon wuri, aka ce ga abin da bakinki ya shuka. Mu da muke nazarin waƙar baka mun saba mu rubuta amfanin waƙa a takardar jarrabawa, mu jera: zuga, faɗakarwa, nishaɗi. Ban taɓa ganin an nuna mini cewa mawaƙi yana iya cin bashi da muryarsa, a zo a ce ya biya, sai a wannan fim. Yadda tafiyar ta ƙare kuwa, na bar wa mai kallo ya gani da idonsa, domin ba a nan darajar aikin take ba.

Itacen da ba ya 'ya'ya

Matsalar Aïcha Macky ta fi ta Magori wuya. Shi ubansa yana raye, nisa ne kurum ya raba su. Ita kuwa mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwa tun tana ƙarama, sa'an nan ga ta ta yi aure, Allah bai ba ta haihuwa ba. Watau igiyar da ke haɗa kaka da uwa da 'ya ta tsinke mata ta sama, ta kuma tsinke ta ƙasa. A ƙasar da ake kiran mutum da sunan abin da ya haifa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ku duba ma fim ɗin da muke taƙama da shi, ai Baban Larai sunansa: da 'yarsa aka san shi. Macen da ba a iya ce mata uwar wane, da wane suna za ta tsaya a cikin dangi? Kalmar da muka tanadar mata ita ce juya, wadda da ita muke kiran saniyar da ba ta haihuwa.

Wace ƙofa ta bi? Ba ta fuskanci mijinta ko danginsa da ƙorafi ba, ba ta kuma tsaya tana yi wa jama'a lacca ba. Sai ta mayar da fim ɗin zance tsakaninta da mahaifiyarta marigayiya. Mace tana iya gaya wa uwarta abin da ba ta iya gaya wa kowa, uwar da ta mutu kuwa ba a jin nauyinta kamar mai rai, ba kuma za ta ji kunyar abin da aka faɗa ba. Mu masu kallo sai muka zama kamar wanda ya zo wucewa ta bayan ɗaki ya ji ana magana, ya kasa tafiya. Daga nan ta shigo da waɗansu matan masu irin lalurarta, aka ga yadda suke kai da komo tsakanin asibiti da masu magani, da yadda laifin yakan faɗa kan mace tun ba a bincika namijin ba. Fim ɗin ya ci kyautar fim ɗin gaskiya mafi kyau a gasar finafinan Afirka ta AMAA a 2016.

Wannan ya tuna mini da Baba ta Karo, tsohuwar nan da Mary Smith ta rubuta labarinta daga bakinta a Giwa, kan hanyarmu ta zuwa Zariya, tsakanin 1949 da 1950, aka buga littafin da Turanci a 1954. Ita ma Baba ta yi aure har huɗu ba ta haihu ba, sai riƙo ta yi. Amma sai da baƙuwa ta zo daga Ingila da alƙalami kafin a ji ta, kuma ta rasu a 1951 ba ta ga littafin ba. Tsakanin Baba da Aïcha shekara sittin da 'yan kai ne, bambancin kuwa shi ne yanzu mai ciwon ce riƙe da na'urar.

Inda na ga rauni

Sharhi ba yabo ba ne zalla, saboda haka ga abubuwa uku da ban gamsu da su ba.

Na farko, Kukan Kurciya ya ɗora wa waƙa kaya mai nauyi. Wanda bai san tarihi ba yana iya tashi da zaton murya ce kurum ta kwashe samarin Nijar. Alhali kuwa shekarun nan su ne na babban farin da ya kai ƙarshen tsanani a 1973 da 1974, wanda ya kashe dabbobi, ya ƙone gonaki, har ya taimaka wajen kifar da gwamnatin Diori Hamani a watan Afrilu na 1974. A daidai lokacin kuma Kwaddibuwa ta Houphouët-Boigny tana cikin arzikin koko da kofi, ƙofarta a buɗe ga baƙi. Zabiya ta zuga, gaskiya ne, amma rumbu ne ya fara yin magana. Ban ce mai fim ya zama malamin tarihi ba, sai dai ina tsoron mu ɗora wa tsohuwa laifin da na yunwa ne.

Na biyu, akwai masu cewa tun da shi mai fim ne ya shirya tafiyar, ya ɗauko zabiya, ya biya mota, to ina gaskiyar? Ai ya zama wasa. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya, amma ban karɓe ta duka ba. Wanda ya aika dattijo biko shi ya shirya tafiyar, amma amsar da za a ba dattijon ba shi ya rubuta ta ba. Muddin mai fim bai ɓoye hannunsa ba, ba a ce ya yi ƙarya. Abin da ya kamata mai kallo ya riƙe shi ne, mutum a gaban na'ura ba daidai yake da mutum shi kaɗai ba, ko da kuwa ɗansa ne ke riƙe da ita.

Na uku shi ne ya fi damuna: wa aka yi wa finafinan? An fi ganinsu a bukukuwan fim na Turai da manyan biranen Afirka, da fassarar Faransanci ko Turanci a ƙasan hoto. Ka zagaya masu tura finafinai a waya a Funtuwa, za ka sami na Indiya da aka fassara da Hausa iri-iri, amma da wuya ka sami wanda ya taɓa jin sunan waɗannan. In asirin gida ya fita, ya je Turai an tafa masa, amma maƙwabta masu irin ciwon ba su gani ba, to an yi asara biyu. Majigi da duk laifinsa ya fi mu a nan, domin shi har ƙofar gida yake kai kayansa.

Abin da ya same ni a 'Yankara

Da na koma gida hutu a ranin 2024, sai na ce ni ma bari in gwada. Ba ni da wata na'ura sai wayar hannu. Na sami kakata, mahaifiyar babana, na zaunar da ita a kan tabarma, na jingina wayar a jikin turmi, na buɗe littafina mai tambayoyi goma sha biyu. Na ce, "Iya, mene ne sunan mijinki?" Ta dube ni ta ce, "Malam." Na ce, "Sunansa na yanka nake nufi." Ta ce, "Kai ba ka san sunan kakanka ba ne?" Na tambayi sunan ɗanta na fari, ta kau da kai ta ce, "Wancan da ya haife ka." Na tambayi yadda aka yi suka zo 'Yankara, ta ce haka Allah ya so. Cikin minti goma tambayoyina suka ƙare, ban sami abin da zai cika cokali ba. Na yi daidai abin da Magori ya guje wa: na zo gidanmu da siffar mai ƙidaya.

Bayan kwana uku na same ta da hantsi ta fito da tsohon mazarinta tana kaɗi, abin da yanzu sai ɗaiɗaikun tsofaffi ke yi. Na zauna ina tsokanarta, na ce, "Tsohuwa mai ran ƙarfe, wannan zare ai ko kyauta ba mai karɓa, ni na sake ki in auro mai saya mini shadda." Ta ce, "Tafi can, mijin banza da ko cefane ba ya yi. Wanda ya fi ka ma da wannan zaren na yi masa riga." Daga nan bakinta ya buɗe. Na nuna mata wayar, ta ce in yi abin da na ga dama. Ta yi fiye da awa guda tana magana: yadda ake gurzar auduga a cire gurya, yadda ake shiɓa, shekarar da aka kawo majigi aka hana 'yan mata fita ita kuwa ta haura danga, da shekarar yunwa da suka ci abin da ba a faɗa. Ashe ƙofa ta uku ke nan, kuma tana hannun kowane ɗayanmu: wasan jika da kaka. Abin da ɗa ba ya iya tambaya, jika yana iya cirowa da wasa.

A cikin wannan hira ne ta faɗi abin da ban taɓa ji ba. Mahaifiyarta Bafillatana ce, daga wata ruga da ke yamma da gari, tallar nono ta kawo ta har kakanmu ya gan ta. Ta kawo sunayen kawunnanta, ta faɗi inda suke sauka da rani, ta ce har aurena na fari da za a yi, da a da ne, da su za su kawo sa.

Da dare na kunna wa mahaifina. Ya saurara har ƙarshe bai ce uffan ba, sa'an nan ya ce, "Wa ka nuna wa wannan?" Na ce ba kowa. Ya ce, "To kada ka nuna. A wannan zamani?" Ban yi musu ba, domin na san abin da yake nufi. A ƙasar da rikici ya sa aka koma tambayar mutum shi wane iri ne kafin a amsa sallamarsa, inda wani ke ganin kowane Bafillace ɗan bindiga ne, wani kuma ke ganin kowane Bahaushe ɗan sa-kai ne, faifan da ke nuna fuskar tsohuwa tana lissafa danginta na ruga yana iya jawo abin da ba a nema ba. Da na roƙe shi ya yarda in rubuta wannan kaɗan, ba suna ba hoto. A nan na gane bambancin alƙalami da na'ura: alƙalami yana iya sakaya mutum, na'ura ba ta iyawa.

Amma kuma, jama'a, ku duba abin da ke cikin wayar nan. Shaida ce cewa mutanen da ake cewa ba su taɓa haɗa hanya ba, jini ɗaya ke gudu a jikinsu. Na tabbata gidaje da yawa daga Sheme har Tsafe suna da irin wannan kaka. Maganar da ta fi kowace amfani a yau ita ce wadda ta fi kowace haɗarin faɗa, masu iya faɗinta kuma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, waɗansu a gidajen aro a Funtuwa da Katsina, nesa da garuruwan da aka kore su.

Kammalawa

Amsar tambayar da na fara da ita ita ce, i, Bahaushe yana iya ɗaukar gidansu a fim, amma da sharaɗi. Kada ya shiga da tambaya tsirara. Ya nemi wanda al'ada ta ba izinin magana, ko zabiya ce, ko aminin uba, ko wasan jika, ko sana'ar hannu da ke kwance bakin tsoho. Ya kuma sani cewa ɗauka daban, nunawa daban. Ta farko tana da gaggawa, domin mutuwa ba ta jiran a sami zaman lafiya. Ta biyu kuwa tana iya jira, kuma ba mai na'ura kaɗai ke da ikon yanke ta ba, har da waɗanda fuskarsu ke ciki.

Saboda haka ina ba wannan ƙungiya tamu shawara biyu. Ta nemi waɗannan finafinai ta haska su a Makon Hausa, a kuma gayyaci mutanen gari, kada a bar su ga 'yan aji kaɗai. Kana kowane ɗalibi da ke da kaka a raye, in ya tafi hutu ya ajiye littafin tambayoyi, ya zauna kusa da ita ya tsokane ta. Sashenmu kuma ya tanadi wurin ajiya mai amana, inda za a adana abin da aka ɗauko, a rubuta sharaɗin da masu shi suka gindaya.

Faifan Iya yana nan wurina, na kwafe shi wuri uku. Ban san ranar da za a kalle shi a fili ba, amma ina roƙon Allah ya kawo ta tun tana da rai, a kafa farin ƙyalle a 'Yankara kamar yadda ake yi a da, ta zauna a gaba ba sai ta haura danga ba. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.